Ciwon kan farkon azumi: magana a kan kafe, shayi da goro

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan uwa masu saurare, wata tambaya ta iso mana daga wani bawan Allah mai sana'ar kabu-kabu. Ya ce tun da aka kama azumi, da hantsi ya yi sai kansa ya ɗauki sara, jikinsa ya mutu, ransa ya yi ta ɓaci ba dalili, har ya yi wa iyalinsa tsawa. Da an buɗa baki ya kurɓi kafe, sai ciwon ya tafi kamar an cire ƙaya. Yana tambaya ko wannan rashin lafiya ce da ke halatta masa ajiye azumi.

Mu fara da hukuncin abin shan. Kafe halal ne, haka shayi, haka goro. Sufayen ƙasar Yaman ne suka yaɗa gahawa, suna shan ta don su iya tsayuwar dare da zikiri. A shekarar 917 ta Hijira an taɓa hana ta a Makka, malamai suka yi saɓani, daga baya magana ta tsaya a kan halacci, domin ba ta gusar da hankali.

Amma halal ma yana iya ɗaure mutum. Likitoci sun bayyana cewa cikin ukun nan akwai sinadari guda, kafeyin, mai korar barci. Jiki yana sabawa da shi, har finjali ɗaya ya daina isa, sai biyu, sai uku. Ranar da aka rasa shi, bayan awa 12 zuwa 24, kai ya fara ciwo. Ciwon ya fi tsanani a kwana biyun farko, kuma yawanci bai wuce kwana 9. To, ɗan uwa, ga abin da ke damunka. Wata goma sha ɗaya kana cewa kai ke sha don ganin dama, azumi ya zo ya nuna maka wa ke riƙe da igiya. Kuma kada tsofaffinmu su yi wa samari dariya, don da yawanmu aljihu bai rabuwa da goro, kuma mun san halin da muke shiga kafin la'asar.

Game da ajiye azumi: ciwon da ke ba da uzuri shi ne wanda ake tsoron azumi ya ƙara shi, ko ya jinkirta warkewarsa, ko wahalarsa ta wuce abin da ake iya ɗauka. Ciwon kan sabo, galibi, bai kai nan ba, haƙurin ƴan kwanaki yake so. Wanda ya sha da gangan da ranar Ramadan ba da uzuri ba, a mazhabarmu ta Malikiyya ramuwa ta hau kansa tare da kaffara: ciyar da miskinai 60, ko azumin wata biyu a jere. Idan ciwon ya zo da amai ko jiri ko duhun gani, wannan magana ce ta likita, a je a gan shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne dare. An sauko daga asham, an hura gawayi a fada, an ɗora buta: na farko, na biyu, na uku, ga Nescafé a kai. Ido ya bushe har sahur, sannan barci ya kwashe mutum, asuba ta wuce, wani har azahar. Ga kuma kuɗi: mai kashe dala ashirin sau uku kullum ya kashe jikka 9 a wata, alhali uwargida tana neman na cefane. Masu jefa tramol cikin kafe kuwa, nasu hukunci dabam ne. Ƙwayar da aka sha ba da umarnin likita ba, don ta juya hankali, haramun ce cikin azumi da bayansa.

Shawararmu ga mai tambaya: ka buɗa baki da dabino da ruwa mai yawa, ka yi salla, ka ci abinci, sannan ka sha finjali ɗaya tun dare bai yi nisa ba. Ka riƙa rage garin da kake zubawa kaɗan kaɗan, kada ka yanke a rana ɗaya. Kuma ka nemi afuwar iyalinka a kan tsawar nan.

Gobe, in Allah Ya kai mu, za mu amsa tambayar da aka aiko game da allura da rana.