Lahira a Wurin Mabiya Mormon: Makomar Waɗanda Ba Su Kai Ƙololuwa Ba

Cocin Mormon, wanda Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830, bai raba lahira gida biyu kawai ba. A 1832 Smith ya ce an nuna masa cikin wahayi cewa bayan tashin matattu akwai masarautu uku, haskensu kamar na rana, wata da taurari.

Matsayi mafi girma a masarautar rana, inda mabiyan cocin suka yi imani mutum zai ɗaukaka tare da iyalinsa har abada, sai wanda aka ɗaura masa auren dindindin a haikalinsu. Wanda ya shiga ba tare da wannan aure ba, mala'ika mai hidima zai zama.

Mutanen kirki da ba su tsaya da ƙarfi kan koyarwar cocin ba, masarautar wata ce tasu. Almasihu zai ziyarce su, amma ba za su zauna gaban Allah Uba ba. Maƙaryata, matsafa da mazinata kuwa za su sha azaba har shekara 1000 ta mulkin Almasihu ta cika, sannan a kai su masarautar taurari, wadda suka ce ita ma darajarta ta wuce tunanin ɗan Adam. Duhu na har abada na 'yan kaɗan ne, waɗanda suka san gaskiya sarai suka juya mata baya.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, a ganinsu babbar hasarar wanda ya gaza ita ce rabuwa da iyali. Shi ya sa suke yi wa kakanninsu da suka rasu baftisma da ɗaurin aure a haikali, irin wanda suka buɗe a garin Aba a 2005.