HARAJIN AMURKA DA SABUNTA KATIN ZAMA: JAWABIN SAKATARE A TARON WATA-WATA

 

An umurce ni da in yi bayani a kan wata matsala da ta sha zuwa ofishin ƙungiya, wato ta 'ya'yanmu da ƙannenmu masu katin zama na dindindin a Amurka, wanda ake kira girin kad. Da dama sun same shi ta hanyar cacar biza, kafin a cire Nijeriya daga zagayen 2015. Wasu suna can, wasu kuwa sun dawo nan Legas suna kasuwanci, suna leƙawa can jefi-jefi. Ni ba lauya ba ne, karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma takardun nan sun ratsa hannuna har na gane inda mutanenmu ke tuntuɓe.

Shi wannan kati shekara 10 yake yi, kuma ana neman sabon sa da fom I-90 idan ya rage wata shida ya ƙare. Fom ɗin bai ce a haɗo takardun haraji ba, daga nan ne wasu suka ɗauka babu ruwan kati da haraji. Wannan kuskure ne babba. A dokar Amurka, mai girin kad mazaunin ƙasar ne a wajen haraji ko a ina yake kwana, kuma hukumar harajinsu, IRS, tana so ya bayyana abin da ya samu a duk duniya. Kuɗin hayar gidansa na Kano, ribar shagonsa na Agege, duk suna ciki. Mai sana'ar kansa, da zarar ribarsa ta kai dala 400 a shekara, cika fom 1040 ya hau kansa. Wa'adi shi ne 15 ga Afrilu, wanda ke zaune a waje kuma ana ɗaga masa zuwa 15 ga Yuni. Ko katin ya ƙare yana ajiye a akwati, wannan nauyi bai sauka ba, sai in mutum ya mayar da shi a rubuce da fom I-407, ko hukuma ta ƙwace.

To, ina haɗin? Haɗin shi ne, kati shaida ce kawai, ainihin abin da ake riƙe da shi shi ne zama. Wanda ya daɗe a waje, ranar da ya sauka filin jirgi jami'i na iya tambayar sa ko har yanzu Amurka ce mazauninsa, kuma cikin abubuwan da ake dubawa akwai takardun harajinsa. Haka in ya je neman zama ɗan ƙasa da fom N-400, akwai tambaya a kan haraji ƙarara, kuma rantsuwa ake yi a kai.

Inda na fi so ku buɗe kunne shi ne nan. Akwai wani fom mai suna 1040-NR, na baƙi ne waɗanda ba mazauna ba. Wani yaronmu, ba zan kama suna ba, ya kai takardunsa wurin mai cika fom, aka ce masa tun da a Nijeriya yake zaune wannan ne daidai da shi, kuma ya fi sauƙi. Ya sa hannu bai karanta ba. Alhali a dokarsu, mai girin kad da ya kira kansa wanda ba mazauni ba a takardar haraji, ana ɗaukar sa a matsayin wanda ya saki zamansa, sai dai shi ya kawo hujjar da za ta wanke shi. Yanzu haka kuɗin lauya yake nema.

Iyaye, akwai naku a ciki. Mun saba sa sunan babban ɗa a asusun shago don ya riƙa sa hannu. Idan yana da girin kad, kuma jimillar kuɗin da ke asusun bankunan da yake da hannu a kai a wajen Amurka ta wuce kwatankwacin dala 10,000 ko da rana ɗaya ce a shekara, dole ya ba da rahoton da ake kira FBAR, ko da kuɗin ba nasa ba ne. Ba biya ake yi ba, sanarwa ce, amma tarar ƙin yin ta tana da nauyi.

Kada kuma tsoro ya hana kowa. Cika fom daban, biyan kuɗi daban. Babu yarjejeniyar haraji tsakanin Nijeriya da Amurka, amma harajin da mutum ya biya a nan ana iya rage masa shi a can ta fom 1116, muddin rasit na hannu. Saboda haka a adana rasit ɗin hukumar harajin jiha. Wanda ya yi shekaru bai cika ba, ba da gangan ba, ya nemi ƙwararre ya gyara masa tun kafin lokacin sabuntawa, ya kuma gaya masa tun farko cewa yana da girin kad.

Mai son a karanta masa takarda ya same ni a ofis bayan la'asar, ya zo da katin da fasfo don mu duba ranakun fita da shiga.