Ɗan Ƙwallon Kwando a Jami'ar Amurka: Abin da Ake Nema Wurinsa Kafin Ya Taɓa Ƙwallo

Laccar da aka gabatar a taron iyaye, malamai da matasa a unguwar Shamaki, Gombe



An nemi in yi magana a kan yaron da ƙwallon kwando ke ɗauka daga ƙasarsu ta kai shi jami'a a ƙasar waje, musamman Amurka. Batun bai yi nisa da mu ba. Garin nan ke da Gombe Bulls, ƙungiyar da ta zo ta biyu a gasar ƙasa a 2017 bayan Kano Pillars, ta kuma je Tunisiya a ƙarshen shekarar ta wakilci Najeriya a gasar zakarun Afirka. Mai horar da ita, Abdulrahman Mohammed, shi ne ya jagoranci ƙungiyar maza ta ƙasa, D'Tigers, zuwa gasar Afirka a Angola a 2025. Yaran da ke jefa ƙwallo da yamma a Shamaki, Jekadafari, Bolari da Pantami sun san sunayen taurarin Amurka kamar yadda suka san sunayen maƙwabtansu, kuma da yawansu suna kwana da burin zuwa can. Ban zo kashe wannan buri ba. Abin da ya kawo ni shi ne in faɗa wa iyaye cewa wannan tafiya a aji take farawa, kuma mafi yawan yaranmu a nan suke rasa ta tun kafin wani koci ya gan su.

Mu fara da Zariya, domin ita ce garin Arewa da ya fi daɗewa a kan wannan hanya. A Jami'ar Ahmadu Bello, wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson, wanda aka fi sani da Coach OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana koya wa yara wasan nan. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, amma a Zariya ya tashi, ya fara da ƙwallon ƙafa kamar kowane yaro, sai yana ɗan shekara 13 ya koma ƙwallon kwando. Da ya je Amurka, ba wata babbar jami'a ce ta karɓe shi ba. Ƙaramar kwaleji ce ta shekara biyu, Bismarck State College, a jihar Dakota ta Arewa, inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili. Ku ƙiyasta yaron da bai san wani sanyi ba sai hunturun Samaru. Daga nan ya wuce wata jami'a a Montana, bai daɗe ba ya bar ta, ya yi shekaru yana wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. A 2002 ya karɓi aikin nemo wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiye-tafiyensa da kansa. A 2010 ya zama manajan Denver Nuggets, a 2019 kuma ƙungiyar da yake shugabanta, Toronto Raptors ta Kanada, ta ci kofin NBA.

Wani yaro zai ce, to ai ga shi nan, ya bar makaranta kuma ya yi arziki. A duba da kyau. Masai ya fito daga gidan da uwa likita ce, uba kuma ma'aikacin asibiti mai ilimi. Abin da ya ɗaga shi ba tsalle ba ne, iya rubuta rahoto ne, da iya karanta yarjejeniya, da iya zama da masu kuɗi ya yi musu bayani su gamsu. Ƙafafunsa sun kai shi Turai sun tsaya, iliminsa ne ya ƙarasa da shi.

Na biyu shi ne Solomon Alabi, wanda shi ma a Zariya ya girma, mai tsawon mita 2.16. Ya bi ta sansanin horon da Masai ya fara shiryawa a Najeriya a 2003, ya je makarantar sakandare ta Montverde a Florida, sannan ya shiga Jami'ar Jihar Florida a 2007. Shekararsa ta farko rauni a ƙafa ya cinye ta. Bayan ya warke ya zama ɗaya daga cikin gwanayen tare ƙwallo a rukuninsu, aka ɗauke shi a zaɓen NBA na 2010 a matsayi na 50. Kaka biyu ya yi a Toronto, wasannin da ya buga ba su kai 30 ba, daga nan sai Girka, sai Filifin, sai Japan. Wannan labarin nasara ne, kada a ɗauke shi akasin haka. Amma ku lura da gajartar lokacin. Mutum yana gama wannan sana'a yana da sauran rabin rayuwarsa a gaba.

Yanzu bari in zo kan ƙa'idoji, domin a nan ne iyaye suka fi ƙarancin bayani. Hukumar da ke kula da wasannin manyan jami'o'in Amurka, NCAA, tana da ofishin tantancewa da kowane ɗalibi zai bi ta cikinsa. Ofishin nan ba ya kallon bidiyon wasa. Takardun makaranta yake nema, na shekara huɗu, wanda a tsarinmu ya kama daga aji uku na ƙaramar sakandare zuwa aji uku na babba, haɗe da sakamakon WAEC ko NECO. Yana son darussa 16 na asali: Turanci, lissafi, kimiyya, ilimin zamantakewa da makamantansu. Mai neman shiga rukuni na ɗaya sai matsakaicin makinsa ya kai 2.3 cikin 4. Ma'ana, yaron da ke guje wa darasin lissafi a aji ɗaya na babbar sakandare don ya je fili, da hannunsa yake rufe ƙofar da yake wa gudu. Akwai kuma agogo. In yaro ya gama sakandare, shekara ɗaya aka ba shi, bayanta duk shekarar da ya ci gaba da buga gasa na iya rage masa daga kakanni huɗun da yake da su. Wannan agogon ne ke jefa wasu cikin rage shekaru da sauya takardar haihuwa. Ina roƙonku da Allah kada ku yi wa ɗanku haka. Ƙarya ce da zai ɗauka a fasfo ɗinsa har ya mutu, kuma ranar da aka gano, da gurbin karatun da bizar duka za su tafi.

Kada wani ya zaci gwaninta na sa a ɗaga ƙafa. Hakeem Olajuwon, wanda har yau Afirka ba ta fitar da kamarsa ba, ya sauka a Houston daga Legas a 1980, babu wanda ya zo tarbarsa a filin jirgi, aka ce ya ɗauki tasi ya ƙaraso. Kakarsa ta farko bai buga ba, saboda hukumar ba ta ba shi izini ba. Sai daga baya ya kai jami'arsa wasan ƙarshe sau biyu, a 1983 da 1984, aka kuma ɗauke shi na ɗaya a zaɓen 1984, gaban Michael Jordan.

To, a ce yaro ya tsallake, ya samu cikakken tallafi: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci da littattafai. Yaya rayuwarsa take? Yana tashi kafin gari ya waye ya ɗaga ƙarfe, ya shiga aji, ya koma atisaye da rana, da dare kuma a zaunar da shi ɗakin nazari. Doka ta ce awa 20 a mako ake ba wasa, amma ba a lissafa tafiye-tafiye da jinyar rauni a ciki. Daga Nuwamba zuwa Maris zai buga wasa kusan 30, wasu a garuruwa masu nisan awanni a jirgi, ga jarrabawa na jiransa. In makinsa ya faɗi, ba zai saka riga ba, ko shi ne ke cin kwando fiye da kowa. A makarantu da yawa kuma tallafin na shekara ɗaya ne, ana sabunta shi. Sabon koci zai iya zuwa ya ce ba ya cikin tsarinsa.

Abin da ya fi wahalar da yaranmu, a ganina, kaɗaici ne. Yaron da ya saba cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan'uwansa sai ya tsinci kansa a ɗaki shi kaɗai, lokacin hutu kowa ya tafi gida, shi kuɗin tikiti ya fi ƙarfinsa. Turancin da ya koya a makaranta ba shi abokan wasansa ke yi ba. Musulmi zai yi ta tambayar abin da aka dafa abinci da shi, ya nemi inda zai yi Juma'a, ɗan Billiri ko Kaltungo kuma ya nemi cocin da zai ji ya saki jiki. Wanda aka gina tarbiyyarsa tun daga gida yana jurewa. Adama Sanogo, ɗan Bamako ta Mali, ya buga ƙarshen gasar jami'o'i ta 2023 cikin watan Ramadan yana azumi, jami'arsa ta Connecticut ta ci kofi, shi kuma aka zaɓe shi gwarzon gasar. Ga kuma abin da nake so matasa su riƙe: watanni kaɗan bayan haka aka yi zaɓen NBA, ba a kira sunansa ba, sai ta wata ƙaramar yarjejeniya ya raɓa da Chicago Bulls. Gurbi 60 ne a shekara ga duniya baki ɗaya, kuma cikin 'yan wasan jami'o'in Amurka kusan ɗaya cikin ɗari ne ke samu.

Maganar kuɗi ita ma a fayyace ta. Tun daga Yulin 2021 aka yarda ɗan wasan jami'a ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa, daga 2025 kuma jami'o'i suka fara biyan 'yan wasa kai tsaye. Sai dai baƙo yana kan bizar ɗalibi ta F-1, wadda ta taƙaita masa yin aikin kuɗi a cikin Amurka. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango da ya zama gwarzon jami'o'in Amurka a 2022, sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta fita zuwa tsibirin Bahamas sannan ya samu damar ɗaukar tallace-tallacensa. Biza kuma a hannun 'yan siyasa take. A Afrilun 2025, ranar da Khaman Maluach ke buga wa Duke wasan kusa da na ƙarshe, gwamnatin Amurka ta sanar da soke bizar masu fasfo ɗin ƙasarsa, Sudan ta Kudu. A Yulin shekarar kuma aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya, ta wata uku. Duk gidan da ya jingina cefanensa a kan dalar da yaro zai turo daga jami'a, ya jingina da zana.

Sai batun dillalai, wanda ya fi tayar mini da hankali. Mutum zai zo da hotuna a waya, ya ce yana da makaranta a Amurka, a kawo kuɗin takardu. A 2017 wata jarida ta bankaɗo yadda aka tara yara 'yan wasa, cikinsu har da 'yan Najeriya, a gidan wani koci a garin Paterson na jihar New Jersey, babu iyaye, babu kulawar kirki. Wasu yaran Afirka an kai su da takardar wata makaranta aka ajiye su a wata, bizarsu ta lalace ba su sani ba. Iyaye, kafin ku miƙa fasfo ɗin ɗanku, ku ga takardar I-20 ta neman bizar ɗalibi da sunan makarantar da zai zauna a cikinta, ku sa wani mai ilimi ya rubuta wa makarantar kai tsaye, ku san sunan wanda zai riƙe shi da inda zai kwana. Wanda ya ce ku yi sauri kada dama ta wuce, ku bar ta ta wuce. Akwai hanyoyin da aka sani: sansanonin Giants of Africa na Masai, da makarantar NBA ta Afirka da ke Saly a Senegal, inda Maluach ya fito.

Ba zan sauka ban ambaci 'ya'yanmu mata ba. 'Yan ƙungiyar mata ta ƙasa, D'Tigress, sun ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, sun kai zagayen kwata-final a gasar Olamfik ta Paris a 2024, kuma da yawansu ta jami'o'in Amurka suka bi. Evelyn Akhator daga Legas ta fara da ƙaramar kwaleji, ta wuce Kentucky, aka ɗauke ta ta uku a zaɓen ƙwararrun mata na 2017. Ko yarinya za ta yi wasa, shawarar gidansu ce, kuma ina girmama ta. Amma wadda iyayenta suka amince, ta cancanci fili mai sutura da mai horarwa mace a cikin garin nan.

Abin da nake nema ba ya buƙatar jiran Abuja. Shugabannin sakandare, ku adana sakamakon kowane zango na kowane yaro, da hatimi da sa hannu, yadda in an nema bayan shekara biyar za a samu. Masu horarwa, ku riƙa duba katin sakamako kafin ku ba yaro riga, wanda ya faɗi lissafi ya zauna a benci har ya gyara. Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya da ke Kashere, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ku ware ko da gurabe kaɗan na tallafi ga ɗaliban da suka haɗa wasa da ƙoƙarin karatu, domin mafi yawan yaranmu ba za su ƙetare ba, kuma bai kamata wanda ya tsaya gida ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. Masu hannu da shuni na Shamaki, daɓen siminti da kwando biyu a harabar makarantar unguwa bai kai kuɗin walimar biki ɗaya ba.

Ku kuma ƙannena da ke zaune a baya, wanda ke aji uku na ƙaramar sakandare ya sani cewa sakamakon wannan zangon da yake ciki yana cikin takardun da za a nema. Gobe da safe ku je aji, da la'asar mu haɗu a fili.