Sharhin Fim da Turanci: Daga Ina Za Mu Fara?



A 2024 Najeriya ta zaɓi fim ɗin Hausa, Mai Martaba, ya wakilce ta a gasar Oscar. Wanda ba ya jin Hausa, a IMDb ko Letterboxd zai nemi ra'ayi a kansa. Ni abin da ke damuna, in mu da muka san sarauta ba mu rubuta a can ba, wani ne zai fassara mu yadda ya ga dama.

Ga yadda nake yi. Ka taƙaita labarin a jimla biyu, kada ka tona ƙarshensa. Ka ba da shi kamar yanzu yake faruwa: "he returns", ba "he returned" ba. Sai ra'ayinka, "I think", ka biyo shi da "because". Cewa fim "nice" ne kawai ba sharhi ba ne fa! Wasan jarumi ne ya burge ka, ko sauti, ko hoto? Kawo fitowa ɗaya ta zame maka hujja. Ka soki aiki, ban da zagin mutum.

Wannan makon, ka kalli fim ɗaya, ka rubuta jimla biyar. Turancin zai yi tuntuɓe, ba komai, da rarrafe yaro kan tashi.

Sai mun haɗu.