Daga Tabarau Zuwa Terahaz: Jawabi a Taron Shekara



Na hango wasunku sanye da tabarau mai yin duhu a rana, ya washe a inuwa. Sirrinsa wasu ƙwayoyin sinadari ne da haske ke sauya wa siffa. Wani sananne mai wannan hali shi ne azobenzin, wanda Hartley ya gano a Ingila a 1937 cewa haske na lanƙwasa shi, zafi kuma ya miƙar da shi. Idonmu ma haka yake: sinadarin retinal a lanƙwashe yake, da haske ya miƙar da shi sai mu gani. Binciken wannan ne ya ba George Wald kyautar Nobel a 1967.

To, me ake nufi da terahaz? Igiyoyi ne da ke tsakanin na maikirowef da na infirared, suna kaɗawa sau miliyan ninki miliyan a sakan guda. Suna ratsa takarda da tufa da roba, ba sa kuma illa irin ta hasken hoton ƙashi. Sinadarai da dama suna shanye su ta hanyar da ta keɓanta da su, tamkar zanen yatsa, har ana iya bambance ƙwayar magani da jabunta.

Cikas ɗin shi ne ruwa. Yana shanye waɗannan igiyoyi ƙwarai, ga shi jini da fitsari mafi yawansu ruwa ne. Nan ƙwayar da ke jin haske take da amfani. Sai a auna sau biyu, kafin a haska ta da bayan an haska. Ruwa na nan yadda yake, don haka bambancin da aka gani nata ne. In abin da ake nema ya manne mata, bambancin zai sauya, ta haka a gane yana nan. Akasarin aikin yana matakin gwaji a jami'o'i tukuna.

Ranka ya daɗe malamin kimiyyarmu, a allonka muka fara jin cewa siffar ƙwaya ita ce halinta. Amma watan jiya na leƙa ɗakin gwajinmu, na tarar da kwalabe babu komai, famfo babu ruwa. Yaron da bai taɓa ganin sinadari ya canza launi ba, ina zai kama hanyar wannan ilmi? Don haka nake roƙon ƙungiya ta sa gyaran ɗakin nan a gaban ayyukan bana, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.