Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Abin da Muka Koya a Rumfar Mai Walda



Abin da ya kawo mu gabanku yau ƙaramin abu ne a ido. Wasu ƙarafa ne muka haɗa a Ɗorayi, nan maƙwabtan tsohon matsugunin Jami'ar Bayero, domin ɗora tanti a bisa tirela. Ba tirelar dakon siminti muke nufi ba, 'yar ƙarama ce mai taya biyu wadda mota ke ja a baya. Duk wanda ya taɓa fita rangadi, ko malamin gona ne, ko mai safiyo, ko ma'aikacin rigakafi, ya san wahalar kwana a inda babu masauki: ga kunama da maciji a ƙasa, ga laima idan damina ta sauka. Maganin wannan shi ne a kwana a sama.

To, amma fa akwai matsala. Idan an kafa sansani, ana son tantin ya ɗaga har mutum ya iya tsayawa a ƙarƙashin rumfar da ke gefensa. Idan kuwa an hau hanya, ana son ya sauko, domin kaya mai nauyi a can sama shi ke kifar da tirela a kwana, ga shi kuma yana tare iska yana ƙara shan mai. Saboda haka muka ƙudurta yin abin da direbobi ke kira kariya, wato ƙarafan ɗora kaya, amma irin wadda za a iya ɗagawa a kuma sauke.

Ga yadda aikin yake. Muka sayo bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu a kasuwar Ƙofar Ruwa, iri biyu: mai faɗin milimita 50 da kaurin milimita 3, da kuma mai faɗin milimita 40 wanda ke zurawa cikinsa kamar takobi cikin kube. Kowace ƙafa daga cikin huɗun, babban bututunta santimita 70 ne, ƙaramin ma haka. Muka huda ƙaramin a kowane santimita 10, sa'an nan ƙusa mai kaurin milimita 12 ta ratsa su duka biyu ta riƙe. Sharaɗi ɗaya ba a karya shi: dole a bar aƙalla santimita 20 na ƙaramin a cikin babban, ko da an ɗaga har ƙarshe. Ta haka shimfiɗar tantin takan tsaya a mita ɗaya da rabi daga ƙasa a kan hanya, ta kai mita 2 a sansani. Jak na mota ya isa ɗaga ta, gefe bayan gefe.

Da muka kai zanenmu wurin wani dattijo mai walda, sai ya dube shi, ya dube mu, ya ce, "Samari, wannan abin naku rawa zai yi." Muka ce, "Baba, ai mun yi lissafi, ƙafafun nan sun fi ƙarfin nauyin da za a ɗora musu." Bai ja da mu ba, ya yi abin da muka ce. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Fitarmu ta farko a hanyar burji mai gargada, tun kafin la'asar waldar gindin ƙafafu biyu ta tsage. Da a ce a babban titi abin ya faru, ga motoci a bayanmu, da labarin ya sha bamban.

Ina kuskurenmu? Mun auna nauyin da ke dannawa ƙasa kawai, mun manta da girgizar da ke tura kaya gaba da baya da gefe. Doguwar ƙafa kuwa, duk ƙarfin turin a gindinta yake taruwa, kuma idan tsawonta ya ninka, wahalar da gindin ke sha ita ma ta ninka. Dattijon bai san sunan wannan ƙa'ida ba, amma hannunsa ya san ta. Ya yanka ƙananan faranti masu kusurwa uku ya tokare kowane gindi, ya gitta ƙarfe daga wannan ƙafa zuwa waccan, ya kuma ɗaure komai da noti a jikin shasi maimakon a jikin kwano. Shi ne ya goge tabon waldar da ke cikin bututun da magagari don kada ya cije. Shi ne kuma ya hana mu shafa giris, ya ce ƙurar hunturu za ta manne ta zama taɓo, fenti mai hana tsatsa ya wadatar.

Sai dai mu ma mun yi masa rana. Shi ra'ayinsa a ƙara kaurin ƙarfe ko'ina, wai don kwanciyar hankali. Muka nuna masa a takarda cewa ƙarin nauyi a sama shi ne ainihin abin da muke gudu. Muka kuma ƙara ƙafafun tokara a kusurwoyin tirelar, domin mai taya biyu idan an kwance ta daga mota, mutum ɗaya a kan tsani ya isa ya ɗaga ta. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe bokon naku yana da amfani."

Jama'a, nan ne gaɓar jawabinmu. Kano ba baƙuwar masana'antu ba ce. Bompai ta kafu tun zamanin Turawa, Sharaɗa da Calawa suka biyo baya da masaƙu da majemu da kamfanonin roba. An kafa kamfanin ƙarfe na Ajakuta a 1979, aka buɗe na murza ƙarfe a Katsina a 1982. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga kuma ƙarancin wutar lantarki, masana'antu da yawa suka rufe, Ajakuta kuwa har yau ba ta kai inda aka nufa da ita ba. Amma gwanintar hannu ba ta mutu ba, tana nan a rumfunan bakin titi, inda ake ƙera ƙofofi da tankuna da bodin motoci ba tare da zane ba. Mu kuma muna cikin aji da zane ba tare da hannu ba. Tsakanin ƙofar jami'a da rumfar dattijon nan tafiyar ƙafa ce, amma sai da ƙarfe ya tsage kafin mu saurare shi.

Roƙonmu ga ɗalibai shi ne, duk wanda aka ba aikin ƙarshen shekara, ya kai zanensa gaban mai sana'a tun kafin ya kai wa malaminsa, ya kuma tafi da ladabi. Ku kuma ma'aikata, in ofis ya buƙaci irin wannan kaya, ku fara leƙa Ɗorayi da Sharaɗa kafin ku rubuta takardar oda zuwa ƙasashen waje.