LACCA: AMFANIN SHIGA ƘUNGIYAR CINIKIN ADALCI

Laccar wannan wata a kan manoman koko ce na ƙasar Gana. Ba kokon da ake sha da ƙosai ba. Wannan koko ɗan itace ne da ake yin cakulan da shi.

Shekara da shekaru waɗannan manoma suna kuka da abu guda, wato sikeli. Manomi zai kawo buhunsa wurin awo. Mai awo ya murɗa sikeli, ya faɗi abin da ya ga dama. Manomin bai iya karanta lamba ba, sai ya karɓi kuɗi ya tafi. Gumin shekara guda ya zube a aljihun wani.

A shekarar 1993 gwamnatin Gana ta ba 'yan kasuwa izinin sayen koko a ƙauyuka. Sai wasu manoma suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka kafa ƙungiya mai suna Kuapa Kokoo, hedkwatarta a Kumasi. Ma'anar sunan da harshen Asante ita ce manomin koko na ƙwarai. Sun fara da ƙauyuka 22.

Abin da suka fara gyarawa shi ne sikeli. Kowane ƙauye ya zaɓi mai awonsa daga cikin manoma. Shi zai auna, ya rubuta, ya biya. Kowa yana da ikon duba sikelin da idonsa. In mai awo ya yi ha'inci, jama'a su sauke shi su zaɓi wani.

A 1995 ƙungiyar ta shiga tsarin da ake kira Fairtrade, wato cinikin adalci. Tsarin ya samo asali a ƙasar Holan a 1988, da gahawar manoman Meziko. Masu saye a Turai sun yarda su biya farashin da ba zai karya manomi ba. Ana buga wani tambari a jikin kayan domin mai saye ya gane.

To, mene ne amfanin shiga?

Na farko, akwai farashin da ba a sauka ƙasa da shi. Ko kasuwar duniya ta faɗi, mai saye ba zai biya ƙasa da wannan ba. A 2019 an sa shi dala 2,400 a kan tan ɗaya na koko.

Na biyu, akwai ƙarin kuɗi a bisa farashin. A 2019 an mai da shi dala 240 a kan kowane tan. Wannan kuɗi na ƙungiya ne, ba na shugaba ba. 'Yan ƙungiya ne ke zama su yanke abin da za a yi da shi. Da irinsa manoman Kuapa Kokoo suka haƙa rijiyoyin burtsatse, suka gina azuzuwa.

Na uku, murya. Mai gona ƙarama da mai gona babba duk ƙuri'a ɗaya ce. Mata ma suna zaɓe, ana kuma zaɓensu.

Na huɗu, daraja. A 1998 aka fara sayar da cakulan mai suna Divine a Ingila. Manoman Kuapa Kokoo suna da hannun jari a kamfanin da ke yin sa. Manomin da a da bai san inda kokonsa ke zuwa ba, ga shi yana cin ribarsa.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Ƙungiyar da ta shiga tsarin sai ta kiyaye dokoki. Ba a sa kowa aikin tilas. Ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 15 ba aikin ƙwadago. Yaro zai iya taimakon iyayensa da ƙaramin aiki bayan an tashi makaranta. Amma ba a ba shi aikin da zai cutar da shi, kamar feshin magani ko ɗaukar kaya mai nauyi. Lebura kuma a biya shi hakkinsa yadda doka ta tsara. Wannan magana ta shafi mutanen arewa, domin da yawa cikin leburorin gonakin koko 'yan ci-rani ne.

Masu bincike suna zuwa su duba littattafai da gonaki. Ƙungiyar da aka kama tana karya doka ana iya dakatar da ita. Akwai kuma kuɗin rajista da na bincike. Wani abu kuma, ba duk kayan ƙungiya ne ke samun mai saye a wannan tsari ba. Ragowar a kasuwa ake sayar da shi kamar na kowa. Saboda haka kada wani ya ɗauka shiga ƙungiya ita ce arziki dare ɗaya.

Ba koko kaɗai ke cikin tsarin ba. Daga 2005 manoman auduga na Mali da Senegal da Kamaru sun shiga. Manoman ƙasar Hausa su ma suna da kayan da ake fita da su waje, kamar riɗi da zoɓo da man kaɗanya. Mutum ɗaya ba ya shiga shi kaɗai. Sai an haɗu an kafa ƙungiyar gama kai, an yi mata rajista, an zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji. Kowane kwabo da ya shiga ko ya fita a rubuta shi.

A nan ne ajin yaƙi da jahilci ya shigo. Wanda ya iya karanta lambar sikeli, ya iya duba littafin ma'aji, da wuya a cuce shi. Don haka a dage da zuwa aji, maza da mata.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.